Ranar da Aka Karɓe Gudumar Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mutum ne da hannunsa ke riga bakinsa magana. Tun muna yara muka san haka. In ya shigo gidanmu kowa sai ya nemi abin yi a wani ɗakin, har kyanwa. Ba dogo ba ne, amma faɗinsa ya kusa cike ƙofa, kuma tafin hannunsa ɗaya zai rufe fuskar babban mutum ruf. Ya yi gyaran jikin mota, ya yi dako, ya yi gadi, kuma duk inda ya bari, da jinin wani ya bari. A garejin ƙarshe haƙoran maigidansa ya zubar, don kawai an ce ya sake bugun ƙofar wata mota.

Matarsa tela ce, muna ce mata Anti. Kunnenta na hagu ba ya ji, kuma ina wurin ranar da kunnen ya mutu. Ina 'yar firamare, Umma ta aike ni karɓo ɗinki. Ba na tuna abin da ya jawo, wataƙila ruwan wanka ne bai yi zafi ba. Ƙarar nake tunawa, tas, kamar an yar da faranti a siminti. Anti ta bugu da keken ɗinki ta zame ƙasa, jini na bin wuyanta yana shiga riga. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini ɗinkin a leda ta ce in gaida Umma. Daga ranar na tsani Kawu, ban kuma ɓoye ba. In ya yi sallama ba na amsawa sai an harare ni.

Bayan wannan ne Anti ta haɗa jaka. Wata jakar tafiya ce ruwan ƙasa mai zik ɗin da ke cijewa. Ta zuba kayan sawa, ta sa almakashinta mai kyau, ta tura ta bayan keken ɗinki. Ta ce wa Umma, "Yaya, na ba shi kunne ɗaya. In ya sake taɓa ni, ko takalmi ba zan tsaya nema ba." Kowa a dangi ya san jakar nan. Shi ma Kawun ya sani, kullum yana ganin maɗaurinta ya leƙo, bai taɓa tambaya ba.

Ana haka wani maƙwabci ya samo masa aiki a wani kamfani mai kula da kwamfutocin bankuna da asibitoci, wanda kuma ke ajiye musu bayanai a manyan injinan da ake ce wa saba. A wannan sana'a, in kwamfuta ta tsufa ba a yarda ta fita da faifan ajiyarta lafiya, don asirin jama'a na ciki. Dokar kamfanin a lokacin gajera ce: a farfasa. Wakilin banki zai zo ya tsaya, a ragargaza faifan a gabansa, ya ɗauki hoto ya tafi. Da aka ga kwance faifai daga cikin kwamfuta na cin lokaci, sai aka koma fasa abin ɗungurungum, mai rai da matacce. Suna neman ƙaƙƙarfa wanda ba ya gajiya da duka. Kai ka ce auna Kawu aka yi aka ɗinka masa aikin.

Ɗakinsa na can ƙuryar ginin, jikin janareta, babu taga sai ƙofar ƙarfe. A tsakiya akwai teburin ƙarfe da ya lotsa, a ƙasa tarkace har idon sawu. Kawu zai sa tabarau mai roba, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga gudumar har ta kusa taɓa silin. Gilashi ya tarwatse, maɓallai su yi tsalle su bugi bango, faifan ya lanƙwashe ya amayar da cikinsa. Ba ya tsayawa inda aka ce ya isa. Wakilin banki ya gama hotonsa ya ce, "Malam, ya yi haka," shi kuwa sai ya ƙara, yana gurnani, har abin ya koma yadda ba za ka ce an taɓa kunna shi ba. Batir ya sha fashe masa ya kama da wuta, girarsa ɗaya ma ba ta sake tsirowa ba. Ma'aikata suka sa masa suna Guduma, yana kuma amsawa.

A gida sai aka ga abin mamaki. Mutumin da a da in ya shigo har cokali sai an ajiye a hankali, yanzu yana dawowa kafaɗu a sake. Ya yi wanka da ruwan da ya samu, ya ci abinci, ya ɗora ƙaramar 'yarsa a wuya. Har tsokana ya koya, mara daɗi dai, amma tsokana ce. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, hannunsa bai sauka a jikin kowa ba. Anti ba ta ce ya shiryu ba, ita ba ta da wannan saurin yarda. Cewa take, "Allah ya ƙaro wa bankuna tsofaffin kwamfutoci." In aka yi mako babu abin fasawa, tun daga yadda ya cire takalmi take ganewa, sai ta turo yara gidanmu. Jakar tana nan inda take. Lokaci-lokaci takan fito da kayan ciki ta wanke ta mayar, ta canza waɗanda suka matse ta.

Ni na yi karatun kwamfuta, kuma, abin haushi, Kawu ne ya kai ni gaban manajan ma'aikata ya ce, "'Yar yayata ce. Bakinta ba daɗi, amma kanta na ja." Aka ɗauke ni. Aikina na farko kula da ɗakin saba, har da canza matatar iskar na'urorin da ke sanyaya shi. Fara sol nake sa ta, baƙa ƙirin nake ciro ta, tana warin ƙonanniyar roba. Ban sha wuyar gano dalili ba. Bayan katangarmu akwai fili, kuma duk abin da Kawu ya farfasa a baro ake tura shi ta ƙofar baya a juye wa 'yan jari-bola. Su tara, su zuba baƙin mai, su cinna wuta, roba ta narke su tsinci jan ƙarfe. Hayaƙin ya bi ta kan makarantar yara, ya bi ta kan masu sayar da abinci, ya dawo mana. Ruwan kwatar wurin wani kore-kore ne da ko ƙuda ba ya sauka a kai. A bangon ofishinmu kuwa ga ƙaton hoton bishiya, an rubuta a ƙasa wai muna ƙaunar muhalli.

Shugaban masu ƙonawar ana ce masa Toka. Siriri ne, idanu jajur, yatsu duk tabon ƙuna, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Da sara da duka ya ƙwaci filin a hannun wasu, da su kuma yake riƙe da shi. Na taɓa hangowa ta tagar bene ya kama wani da ya ɓoye dunƙulen waya a wando, ya danna masa hannu cikin robar da ke tafasa. Ihun mutumin har ɗakin saba, inda injina ke ruri. Shi da Kawu suna gaisawa, gaisuwar mutum biyu da kowanne ya san abin da ɗayan zai iya.

Da aka kawo sabuwar shugaba, wadda muke ce wa Madam, ta kafa kwamitin rage ɓarnar da kamfanin ke yi wa muhalli. Ni na fi kowa zaƙewa a ciki. Muka kashe sabobin da ke cin wuta ba aikin fari balle na baƙi, muka shimfiɗa farantan hasken rana a rufi, janareta ya samu hutu. Sannan muka iso kan ɗakin Kawu. Na ɗauko matatar nan baƙa na dangwarar a teburin taro, kowa ya ja kujera baya. Na ce akwai manhajar da ke goge faifai tas, yadda ba mai iya tono komai a ciki, kuma bankunan da muke wa aiki sun yarda da ita. Kwamfutar da ke da sauran rai a gyara a ba makarantu. Wadda ta mutu a kwance ta sukuru bayan sukuru, a rufe a akwatuna, a kai masana'antar da ke narkarwa ba tare da ta turnuƙe unguwa ba. Aka amince. Gaskiya na faɗa, ko yau aka sake taron haka zan faɗa. Amma ina tsaye ina bayani, jakar Anti nake gani.

Ba a kori Kawu ba. Ni aka tura in gaya masa, wai tunda ɗan'uwana ne. Na same shi zaune a kan teburinsa yana shan shayi a kofin ƙarfe.

"Kawu, an daina fasawa."

"An daina me?"

"Fasawa. Kwancewa za a riƙa yi. Ga kayan aikinka." Na ajiye masa akwatin sukundirebobi, ƙanana kamar tsinken sakace.

Ya ɗauki ɗaya, ta ɓace a tsakanin yatsunsa. "Shawarar wa ce?"

"Tawa ce."

Ya dube ni, jijiyar wuyansa ta tashi. Na san kallon, na gan shi ina 'yar firamare. Ƙafafuna suka ce in gudu, taurin kaina ya ce ba inda za ni. Ya wurgo kofin, ya wuce ta gefen kunnena ya bugi ƙofa, ya faɗo a lotse, shayi na bin bango.

"Injiniya," ya ce, muryarsa can ƙasa, "kin san abin da kika karɓe kuwa?"

"Na sani, Kawu."

"Ba ki sani ba. Fita."

Sabon aikin ya zame masa azaba. Sukuru ɗan mitsitsi zai zauna ya ƙi juyawa, Kawu ya matsa har kan ya cinye. Ya ɗan danna gilashi da babban yatsa, gilashin ya tsage. Gumi na ɗiga daga hancinsa a kan abin da yake kwancewa, haƙora a cije, yini guda bai gama kwamfuta biyu ba. Da yamma ya fita kafaɗu a ɗage, da duk abin da ya shigo da shi da safe, har da ƙari.

Na kasa zama, na je wurin Anti. Tun daga bakin ƙofa na ga jakar ta bar bayan keke, tana nan kusa da takalma. Rediyon gidan na kwance a lungu cikinsa a waje. Anti ta tsayar da keke ta juyo mini kunnen dama.

"Ke ce kika karɓe masa abin wasansa?"

"Anti, yara ke shaƙar hayaƙin nan."

"Na sani. Ban ce kin yi laifi ba. Ni dai abin da na sani, abin da ke cikin hannun nan sai ya sauka a wani wuri. Da a kan ƙarfe yake sauka." Ta nuna mini ƙofar banɗaki, da rami a tsakiya daidai girman dunƙulen hannu. "Na shekaranjiya ke nan. Ina tsaye a gefenta, iskar dukan sai da ta ɗaga mini ɗankwali."

"Ki dawo gidanmu mana."

"Bai taɓa ni ba tukuna. Na ce in ya taɓa ni. Ni ba na canza magana, shi ma ya sani."

A bayan katanga kuma wata wutar ke ruruwa. Baro ya daina fita, filin ya yi sanyi. Mu 'yan kwamiti mun auna lantarkin da muka rage, mun auna hayaƙi, mun tafa wa kanmu, amma ba wanda ya tuna cikunan da ke ci daga wutar nan. Toka ya fara aiko da saƙo ta bakin mai gadi. Da bai ji amsa ba, duwatsu suka fara sauka a rufi, suka fasa mana farantan hasken rana. Daga nan aka tare mai gadin a hanya aka tsaga masa damtse da kwalba.

Ranar da motar masana'anta ta zo ɗaukar kayan farko, rana na tsaka. An shigo da ita ta ƙofar baya, an bar ƙofar a buɗe don ta fita. Ina tsaye ina duba lodi. Kawu na buga ƙusa a murafun akwatunan katako, da tsohuwar gudumarsa, don ita ce kaɗai a kusa. Sai ga su sun ɓullo daga filin, Toka a gaba, bayansa mutane riƙe da bututun ƙarfe da adduna da gora. Direba ya shige mota ya kulle kansa. Mai gadi, da hannunsa a naɗe, ya zura da gudu cikin gini neman waya. Kawu ya taka ya tsaya a tsakiyar ƙofar.

"Guduma, matsa," in ji Toka. "Abincinmu ne a motar nan."

"Ba nawa ba ne balle in ba ka."

"Shekara nawa kana turo mana? Yau don an ba ka tsinke ka zama ɗan ofis? Yarana ba su ci komai ba tun jiya."

"Je ka gaya wa Madam."

Toka ya yi tari, ya tara abin da ya taso ya tofa masa a fuska. Sannan ya ɗauke shi da mari, tas, a kunnen hagu.

Na ga gudumar ta tashi sama, yadda na sha ganinta a ɗakin nan mara taga, na ga jijiyar wuyan, na ga kan Toka a ƙarƙashinta ba ko hula. Mutanen da ke bayansa har sun ja da baya. Ni da na tsani hannun nan tun ina yarinya, sai na ji bakina na cewa, "Buge shi, Kawu." Tsoro ne ya cika ni, da haushi, na so in ga kan ya fashe.

Gudumar ta tsaya a sama. Sai Kawu ya wurga ta baya ta kan kafaɗarsa, ta faɗi kusa da tayar mota. Ya ja baya taku ɗaya, ya fizgo ɓangarorin ƙofar biyu ya haɗe su, ya damƙe sandunan tsakiya da hannun dama.

"Sa sakata, Injiniya."

Na kama sakatar na tura, ko gezau. Shekara da shekaru ƙofar nan a buɗe take kwana saboda baro, tsatsa ta cinye ramin. Su kuwa suka afka. Suka ja ƙofar, ba ta buɗu ba, sai suka koma kan yatsun da ke riƙe da ita. Bututun farko ya sauka, na ji ƙashi ya yi ƙara kamar an karya busasshen kara. Na biyu ya sauka. Wani ya zuro gora ta tsakanin sanduna ya fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido ɗaya. Wani ya kai sara, addar ta bugi ƙarfe ta zame ta ɗebe masa naman bayan hannu. Fuskarsa na dab da tawa, ina jin numfashinsa. Bai yi ihu ba, bai saki ba, hannun hagun kuma yana dunƙule a bayansa kamar ya ɗaure shi.

"Ɗauko gudumar," ya ce ta tsakanin haƙora. "Sakatar za ki buga."

Na ruga na jawo ta, da ƙyar na ɗaga. Na buga na kuskure, na sake bugawa, jininsa na tsalle yana sauka a hannuna duk sanda bututu ya sauka a nasa. A ƙarshe sakatar ta yi kuka ta shige. Sai a lokacin ya saki, ko in ce sai da na ɓamɓare masa yatsun daga jikin ƙarfen, don sun manne. Jiniyar 'yan sanda ta taso daga babban titi, mutanen suka watse. Toka bai iya gudu ba. Tari ya durƙusar da shi a gindin katanga, a nan aka ɗauke shi.

A asibiti likita ya cire yatsu biyu, ya ce sauran ba za su sake dunƙulewa ba. Da Kawu ya farfaɗo na same shi yana kallon farin naɗin da ya zame masa hannu. Kuka ya ƙwace mini, na kuma ji haushin kaina da na yi shi a gabansa.

"Me ya hana ka, Kawu? Kowa zai shaida shi ya fara."

"Hannun nan na san shi," ya ce. "Da na bari ya ɗanɗana mutum yau, ba a ƙofar kamfani zai tsaya ba. Gida zai biyo ni." Ya rufe ido. "Kuma kin ga inda ya mare ni. Har yanzu kunnen na ƙugi. Ashe haka ake ji."

Ana cikin haka Anti ta shigo, da jakar ruwan ƙasa a hannunta. Kawu ya ga jakar, fuskarsa ta yi fari fat, ya yunƙura zai tashi. Ita kuwa ta ɗora ta a gefen gado, ta yi kokawa da zik ɗin har ya buɗe, ta fara fito da kaya: rigunansa, tawul, silifas, kofin nan nasa da ya lotse.

"Anti, ina kayanki?" na tambaya.

"Na juye su a kan gado. Ba ni da wata jakar." Ta zuba shayi a kofin ta kai masa baki. "Kar ka ɗauka na manta, Malam. Kunnena bai dawo ba."

"Na sani," in ji shi.

Ya yi makonni a kwance. A tsakanin nan motar masana'anta ta ci gaba da zuwa, matatar da nake cirowa ta koma ruwan toka-toka. Madam ta sa masana'antar ta ɗauki wasu daga mutanen filin aikin kwancewa, sauran suka koma bayan katangar wani kamfanin da har yanzu yake fasawa. Toka bai kai ƙarshen shekarar ba, ƙirjin ne ya ci shi. Teburin Kawu na jiransa, an ce ya koyi kwance sukuru da hagu, kuma daga baya ya koya, a hankali, yana zagin kowane sukuru da sunan uwarsa.

Ranar da aka sallame shi ni na je ɗaukarsu. Anti ta tattara komai ta cusa a jakar ta ja zik. Kawu na tsaye yana kallonta, sannan ya daure ya tambaya.

"In mun je gida, kayanki za ki mayar?"

Ta miƙa masa jakar. "Riƙe. Kayanka ne a ciki."

Ya rataya ta a kafaɗar hagu. Suka bi dogon barandar asibitin ina biye da su. Da farko yana gefenta na hagu, yana ta wata magana ita ba ta amsawa. Sai ya tsaya, ya zagaya ta bayanta ya koma dama, ya sake faɗa daga farko.